Ɓari Biyu a Cikin Ɗan Gahawa

Dalilin da ya sa in kun ɓare ɗan gahawa ba kwa ganin ƙwaya ɗaya, sai ɓari biyu manne da juna, kowanne da 'yar tsaga a fuskarsa, shi zan gaya muku yau, in har za ku rage mini surutu. Ku matso da faifan nan, hannu na tsinta, kunne na saurare. Wanda kuma ya sake taka mini shanya, to shi da jin ƙarshen labari sai baɗi.

A can da, tun ba a haifi kakar kakata ba, gahawa ba haka take ba. Ƙwaya ɗaya ce tak a cikin kowane ɗa, dunƙulalliya sumul, ba tsaga, ba ɓari. Ɗaci kuwa ko kaɗan ba ta da shi. Ba a soya ta, ba a daka ta. In ta nuna ta yi ja sai a tsinka, a tsotse ɓawon, a tauna ƙwayar, garɗinta kamar na aya. Itacen a daji yake fitowa abinsa a gefen tsauni, kuma babu wanda ya taɓa tunanin shuka shi, tunda ga shi nan ko'ina.

A wancan zamani akwai wani ƙauye a kan duwatsu masu sanyi, ana ce masa Tudun Raɓa. Fataken goro ne suka kafa shi. Zango suka yi na kwana biyu, wurin ya yi musu daɗi, kwana biyu ya zama shekaru. A cikinsu akwai wani mai suna Cindo, da matarsa Ladingo. Allah ya ba su tagwaye mata, Asana da Usaina, daga su kuma haihuwa ta tsaya.

Kun dai san yadda ake yi da tagwaye. Abin da aka ba ɗaya sai an ba ɗayar, daidai wa daida, in ba haka ba mutane na cewa kunama za ta kai wa mai rowa ziyara. To Ladingo ta ɗauki abin nan da gaske fiye da kowa. In ƙosai ɗaya ya rage sai ta raba shi biyu. In zane ɗaya aka samu sai a tsaga. Har faɗa in za ta yi wa Asana, sai ta waiwaya ta ce wa Usaina, "Ke ma ga naki, ki ajiye don gaba."

Kamarsu ɗaya sak, amma hali ya bambanta. Asana rawar kai gare ta, ba ta ganin hanya ba ta tambayi inda ta nufa ba. Usaina kuwa 'yar zaman gida ce, mai sanyin jiki, mai saka abu a rai ta yi ta juya shi. Abu ɗaya ne ya haɗa su: ba sa son zama sai suna kallon juna. Tun suna jarirai, in aka kwantar da su baya da baya sai kuka, sai an juyo da su fuska da fuska sannan gida ya samu lafiya. Da suka girma ma, kitso ne kaɗai aikin da suke yi da mita, don mai yi ba ta ganin fuskar wadda ake yi wa.

Aikinsu na kowace safiya shi ne goron ubansu. Su kwance huhu, wato ƙunshin goron nan babba, su tsince mai sankara, wato wanda tsutsa ta ci, su yar, su sake sabon ganyen fita, su yayyafa ruwa, su mayar su ɗaure. Cindo na tsaye a kansu yana cewa, "Ku ba shi ruwa, ku ba shi ruwa! In ya bushe ya mutu." Haka suka tashi. A wurinsu duk abin da ake so ya daɗe, ganye ake naɗa masa a jiƙa shi kullum. Ku riƙe wannan da kyau, don nan gizo ke saƙa.

Da lokaci ya yi aka aurar da su rana ɗaya, kowacce ga wanda take so. Asana ta auri wani malami, Malam Zangina, Usaina ta auri wani manomi, Nomau. Gidajen danga ɗaya ta raba su, ita ma dangar ba ta yi wata guda ba suka huda ta, suka yi 'yar ƙofa da ƙwaryar miya ke wucewa safe da yamma. Mazan suka gaji da gyarawa suka ƙyale su.

Ana nan, ana nan, Cindo ya rasu, idon Ladingo ya mutu, Usaina ta ɗauko ta ta dawo da ita ɗakinta. A shekarar ne Malam Zangina ya ɗaura niyyar zuwa Makka. Ku kuma kada ku ɗauka irin ta yanzu ce, mutum ya hau jirgi da safe ya yi la'asar a can. Da ƙafa ake zuwa. A yi tafiya a tsaya a yi noma, a samu guzuri a ƙara gaba. Wani shekara biyar, wani goma, wani kuma shi ke nan. Malam bai tilasta wa matarsa ba, tambayarta ya yi. Asana kuwa, wadda tun tana ƙarama take son sanin ƙarshen hanya, kafin ya rufe baki ta ce za ta.

Usaina na tankaɗe ta ji labari ta kafar danga. Rariya ta faɗi daga hannunta.

"Ki zo mu tafi tare mana," in ji Asana.

"Da wannan cikin? Wata bakwai fa. Inna kuma in bar wa wa?"

"To ni sai in fasa."

Usaina ta dube ta. Ta ga bakin ne ya ce a fasa, idon kuwa ya riga ya kama hanya. Sai ta daure ta ce, "Ke dai je ki. In kin fasa, ni za ki cinye da mita har mu tsufa. Ki yi mini addu'a a can, amma daidai da taki, kada ki rage mini ko kaɗan."

"Shekara uku," in ji Asana. "Wallahi shekara uku kin gan ni."

Ranar tafiya da hantsi, Usaina ta riƙo hannun Ladingo suka yi rakiya har bakin gari, inda wani itacen gahawa yake. Lokacinta ya wuce, an tsinke komai. Amma idon Asana ba ya wuce abu, sai ga ta ta hango ɗa guda ja wur a ƙarƙashin ganye. Ta tsinko.

"Me kuka samu?" in ji Ladingo.

"Ɗan gahawa ne, Inna. Ɗaya tak."

"To ku raba. Tunda na haife ku ban taɓa ba ɗaya na hana ɗaya ba, ba kuwa yau zan fara ba."

Asana ta yi dariya. "Inna, ai wannan ba goro ba ne, ba ya ɓaruwa."

"Na ce ku raba."

Usaina ta karɓa, ta cire ɓawon, ta kafa farcen babban yatsa a tsakiyar ƙwayar kamar yadda ake ɓara goro. Goro yana da layinsa, ana taɓawa yake buɗewa. Wannan kuwa ba ta da shi. Ta danna, ta ƙi. Ta cije leɓe ta sake dannawa da duk baƙin cikin da ke ranta, har farcen ya tsage jini ya fito, sai ji suka yi ƙas! Ƙwaya ta rabu biyu, kowane ɓari da shatin farce a fuskarsa.

Babu wadda ta iya kai nata baki. Asana ta juya nata a tafin hannu ta ce, "Kin ga, kada mu ci. Ki ajiye naki in ajiye nawa. Ranar da na dawo mu haɗa su, mu binne a rami ɗaya a bakin kafar dangarmu, mu ga abin da zai fito. Amma fa tare. Kada wadda ta riga wata."

"Tare," in ji Usaina. "Allah ne shaida, Inna ma shaida ce."

Madugu ya yi kira, jakuna suka motsa. Usaina na tsaye tana kallo har ayari ya sha kwana a bayan dutse. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ƙeyar 'yar'uwarta, don rabonta da ganin ta juya mata baya haka ta daɗe tun ranar kitson aure.

Da ta koma gida, me kuke tsammani ta yi da ɓarin nan? Da ku ne, ai sai ku jefa a ƙwarya ku rufe, ya bushe ya yi shekara ɗari lafiya lau. Amma ita 'yar mai goro ce. Ta samo ganyen fita mai kyau ta naɗe shi, ta sa a 'yar tukunya a wuri mai sanyi. Kullum da safe ta kwance, ta dube shi, ta yayyafa ruwa, ta mayar. Ko ranar da ta haihu ba ta bari an tsallake ba, Nomau ta sa ya yi, yana yi yana ƙunƙuni.

Wata biyu da 'yan kwanaki, ta kwance ganye wata safiya, sai ga wani farin abu siriri ya leƙo daga bakin tsagar. Saiwa ce. Usaina ta ɗora hannu a ka.

"Inna, na shiga uku! Ya tsiro!"

Ladingo ta laluba ta taɓa. "Ai kuwa. Ke kika yi ta ba shi ruwa, me kike so ya yi?"

"To in shanya shi ya koma yadda yake?"

"In kin shanya shi ya mutu. In kin bar shi a ganye ya ruɓe. Ƙasa yake nema."

"Na yi alkawari, Inna. Tare muka ce."

Kwana uku Usaina na kai da kawo da 'yar tukunya a hannu. In ta tuna alkawari sai ta ajiye, in ta ga saiwar ta fara yaushi sai hankalinta ya tashi. A rana ta huɗu ta tona rami a bakin kafar danga, ta sa shi, ta rufe, ta zauna a wurin ta yi kuka har ta gode Allah. Tun daga ranar wani abu ya shige mata rai ya zauna: ta ci amanar 'yar'uwarta, kuma in Asana ba ta dawo ba, ita ce ta rufe mata hanya.

Itace ya tashi. Shekara uku ta cika, Asana ba ta dawo ba. A ta huɗu itacen ya yi farin fure mai ƙamshi har maƙwabta na leƙowa, sannan ya yi 'ya'ya, suka nuna. Usaina ta tsinki na farko, ta ɓare. Ɓari ɗaya ne a ciki, da shatin farce a fuskarsa, ɗaya gefen kuma wayam, ba komai. Ta ɓare na biyu, haka. Na goma, haka. Ta jefa ɗaya a baki, sai ɗaci ya gauraye mata harshe har ya sa ta hawaye. Ba ta tofar ba. Ta ce a ranta hakkin Asana ne, ta haɗiye.

Da abin ya tsaya a gidanta da da sauƙi. Amma sha'anin tagwaye ba wasa ba ne. Shekara na zagayowa, duk itatuwan gahawa na tsaunin nan suka koma haka, ɓari ɗaya mai ɗaci, dunƙulalliyar nan mai garɗi ta ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Yara suka yi ta tofarwa suna kuka. Mutanen gari suka taru suka ce itacen Usaina ne ya jawo, suka zo da gatari.

Suka same ta zaune a gindinsa, ta miƙe ƙafa, da goyo a baya.

"Usaina, tashi mu sare abin nan, ya ɓata mana daji," in ji babbansu.

"Sannunku da zuwa. Ku fara da ni, in ya so ku ƙarasa da shi."

"Haba, 'yar Cindo, itace ne fa, kuma ba ya ciyuwa."

"Rabon Asana ne a jikinsa. In ta zo ta tambaye ni ina nawa ɓarin, ko ba komai in nuna mata inda na kai shi."

Wani daga baya ya raɗa wa na kusa da shi maganar kunama. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, mai gatarin ma har ya manta da shi a tsakar gida, Nomau ya yi ta faskare da shi shekara da shekaru.

Wayyo, kewa ba ta da kyau, yara. Usaina ba ta daina raba komai biyu ba. In an yi suya ta ware rabon Asana, ta shanya, in ayari mai zuwa gabas ya sauka ta kai musu. "Don Allah in kun ga wata mace mai irin fuskar nan tawa, ku ba ta. Ku ce mata kafar danga na nan ba a toshe ba." Su karɓa, su ce to. Allah kaɗai ya san cikin da ya ci naman nan. In kuma ayari ya fito daga gabas, ita ce ta farko a zango, ko ruwa ba ta bari su sha. Wani ya ce bai gani ba. Wani ya ce kamar ya gani, amma a wane gari, ya manta.

Ladingo ta rasu tana tambaya, duk motsin da ta ji a ƙofa sai ta ce, "Ita ce?" Bayan rasuwarta Usaina ta ɗaura kaya ta ce za ta bi sawu. Madugun da ta samu dattijo ne, ya ce mata, "Baiwar Allah, hanyar gabas ba ɗaya ba ce. Kina iya bin ta arewa ita ta dawo ta kudu, ta zo ta tarar ba kya nan." Wannan magana ta kwance mata kaya. Ta koma gida, don ta fi tsoron saɓani a kan jira.

Abin da ya rage mata shi ne randa. Kullum da safe kafin ta ɗebi ruwa sai ta leƙa, ta ga fuskar nan tana kallon ta daga ciki, ta ce, "Ina kwana, Asana." Ranar da ta fara ganin farin gashi a ruwan, sai 'ya'yanta suka ji tana cewa, "Kai, Asana, har kin yi furfura ba ki gaya mini ba?" Suka dubi juna, ba wanda ya yi dariya.

Haka aka kwashe shekara talatin da ɗoriya. Nomau ya rasu. Gidan Malam Zangina ya rushe ya zama fili, amma Usaina ba ta yarda an cire dangar ba, duk shekara sai an sake ta, kuma sai an bar kafar.

Wata rana da la'asar tana zaune a gindin itacenta, wanda yanzu ya fi ɗaki tsawo, sai ta ji sallama da wata irin Hausa mai karkace, kamar ta wanda ya koye ta a bakin mutum ɗaya. Ta ɗaga kai. Wata mace ce tsaye da ƙurar hanya a ƙafa da jakar fata a kafaɗa. Usaina ta ga fuskar da take gani a randa shekara talatin da suka wuce.

"Asana?"

Matar ta durƙusa. "'Yarta ce, Inna. Sunana Usaina."

"Sunanki wa?"

"Sunanki ta roƙa aka raɗa mini. Ni ce 'yar fari, amma ko kunyar 'yar fari ba ta taɓa yi mini ba. A gaban kowa take ƙwala mini kira, Usaina, Usaina, ko ba ta da aiken da za ta yi mini. Mata na yi mata tsiya, ta ce su ƙyale ta, bakinta ne ya saba."

Tsohuwa ta kama fuskar takwararta da hannu biyu tana dubawa. Sannan ta leƙa bayanta, wajen ƙofa. Ba kowa.

"Tana ina?"

"Ta rasu, Inna. Damina ta biyu ke nan."

Usaina ta yi salati. Ta dubi kafar danga. Can ta ce, "Ni na hana ta dawowa. Kin ga itacen nan? Alkawari muka yi, na karya. Ban iya jira ba, na shuka nawa ni kaɗai. Allah ya ga abin da na yi, ya rufe mata hanya."

Takwarar ta dubi itacen, ta dubi 'ya'yansa da ke shanye a tabarma, ta ɗauki ɗaya ta juya shi. Ta kwance jakarta ta zazzage a kan zanen tsohuwa. Ƙwayoyin gahawa ne cike da tafi biyu, kowacce ɓari ɗaya, kowacce da shatin farce.

"Daga itacenta ne, Inna. Ita ma a ganye ta naɗe nata, da ganye ya ƙare ta koma tsumma. Ko a inda ake auna wa mutum ruwan sha, sai ta rage nata ta jiƙa shi. Wata biyu ya tsiro. A fasasshiyar ƙwarya ta ɗauke shi a ka, har suka kai wani gari a bakin babban kogi inda suka tsaya noma, ta dasa shi a can. A nan aka haife ni. Daga can muka je Makka suka sauke farali, a hanyar dawowa Baba ya rasu. Da muka dawo garin nan na bakin kogi ta ga itacenta, sai ta ajiye kaya ta ce mu huta. Hutun ke nan. Duk shekara in ayarin gida zai tashi sai ta ɗaura kaya, in an zo tafiya ta kwance. Ta ce, 'Da wane ido zan dubi Usaina? Ita na san ta, tana can ta riƙe nata, ni ce mai gaggawa, ni na karya.' Sai da ciwo ya kwantar da ita ta ce in kawo miki waɗannan, in roƙar mata gafara."

Kun ji fa. Shekara talatin, wannan na nan tana cewa ita ce mai laifi, waccan na can tana cewa ita ce, kuma dukansu ruwa kawai suka ba abin da suke so, yadda ubansu ya koya musu. Ni duk sanda na zo nan wurin sai raina ya ɓaci.

Usaina ta fashe da wata irin dariya mai haɗe da kuka. "Sakarya! Kai, Asana, sakarya! Ni ma sakarya! 'Ya'yan mai goro, ba mu san komai ba sai yayyafa ruwa. Da kin zo ai da mun zauna mun yi wa juna dariya." Ta kifa kai a kafaɗar takwararta, suka yi kukan da ya kamata a yi tun tuni.

Washegari da safe takwarar ta ce za ta nuna mata abin da uwarta ke yi da ƙwayoyin. Ashe Asana ma ta kasa taunawa don ɗaci, ta kuma kasa zubarwa, sai ta yi ta gwaji har ta gano dabara. Takwarar ta ɗebo rabi daga na jakarta, rabi daga na tabarma, ta zuba a kasko ta soya har suka yi duhu suna ƙara. Wani ƙamshi ya tashi wanda Tudun Raɓa ba ta taɓa jin irinsa ba, har waɗanda iyayensu suka zo da gatari suka fara sallama a ƙofa. Ta daka a turmi da 'yar citta, ta dafa a wani ɗan tulu mai dogon wuya, ta tsiyaya a finjali biyu.

"Kullum biyu take zubawa," in ji ta. "Ta sha ɗaya, sannan ta ce, 'Usaina, zo ki sha naki.' Ni nake zuwa in sha. Sai da na girma na gane ba ni ake kira ba."

Tsohuwa ta karɓi finjali ta shaƙi ƙamshin, ta kurɓa. Ɗacin na nan.

"In sa miki zuma, Inna?"

"A'a. Yadda ta sha nata zan sha nawa."

Da ta shanye, sai ta zaɓi ɗanyen ɓari ɗaya daga nata, ɗaya daga na Asana, ta haɗa fuskokinsu. Suka zauna daram, tsaga a kan tsaga. Ta rarrafa zuwa ɗaya gefen kafar danga, ta tona rami ɗaya da hannunta, ta sa su a haɗe, ta rufe. Ta ce, "To, ga shi mun yi. An makara, amma tare ne."

Takwarar ba ta koma gabas ba, ta gina ɗaki a filin uwarta. Sabon itace ya fito, ƙwaya biyu amma kara ɗaya. Kafin ya yi 'ya'ya shekara huɗu, kuma a lokacin idon Usaina ya tafi kamar na Ladingo, jiki ya ƙare, mutane na cewa jiran itacen nan ne kawai ya riƙe ta. Ranar da ɗan farko ya yi ja, takwarar ta tsinko ta sa mata a hannu. Tsohuwa ta kafa babban yatsan nan mai tsagaggen farce ta ɓare ɓawon, ta laluba. Ta ji abu ya cika ko'ina, ba gefen da yake wayam.

"Biyu ne?" in ji ta.

"Biyu ne, Inna."

Sannan ta yi tambayar da ta fi damun ta, murya ƙasa ƙasa. "Baya suka juya wa juna?"

"A'a, Inna. Suna kallon juna."

Usaina ta dunƙule hannu a kansu ta ce alhamdulillahi. Ba ta ga wata kakar ba.

Daga shekarar duk itatuwan tsaunin suka koma yin biyu biyu, fatake kuma suka kwashi irin suka watsa a duniya. Wadda aka shuka a kan tudu mai sanyi ta fi ƙamshi da laushi, ta gangare mai zafi ta fi ƙarfi da ɗaci. Wasu na shan ta da citta da kanumfari, wasu da madara da sukari, wasu baƙa ƙirin da dabino a gefe. Amma ɗacin bai tafi ba, don su biyun ba su sake zama sun sha tare ba.

Shi ya sa har yau, ko ta wace ƙasa ce, in kun ɓare ɗan gahawa za ku ga ɓari biyu fuska da fuska, da shatin farcen Usaina a jikin kowanne. Jefi jefi kuma, in itace ya tuna zamanin da, sai ya yi ɗa mai ƙwaya ɗaya dunƙulalliya, irin ta kafin a rabu. Yauwa, kamar wannan da ke hannunki, Talatu. Miƙo nan, ba a soya wannan. Zan ƙulle ta a bakin zane in ba direban da ke zuwa Yola ranar kasuwa. Ina da ƙanwa a can, shekara tara ba mu gaisa ba, kuma ba ruwanku da dalili. Ku ci gaba da tsinta.